«Yarda» da «ƙi»: tarihin shiga gwajin maganin annoba a ƙasar Hausa

Tambayar da ta haifi wannan takarda, wajen aikin fassara ta taso mana. Shekarun baya wata ƙungiyar bincike ta kawo mana takarda mai shafi shida da Faransanci, irin wadda ake karanta ma iyaye kafin a sa ƴaƴansu cikin gwajin magani, ta ce mu mai da ita Hausa cikin kwana uku. Mun yi aikin, an biya mu, amma hankalinmu bai kwanta ba. Kalmomi huɗu suka tsaya mana a wuya: «étude», «consentement», «tirage au sort» da «placebo». Da muka koma muka duba abin da ya sa suka gagara, sai muka tarar kowace Hausar da muka zaɓa musu tana ɗauke da wani tsohon labari, kuma mai saurare wannan labari yake ji kafin ya ji bayanin likita. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawun tarihin tukuna, sannan mu dawo ga kalmomin. Mu ba likitoci ba ne, masu nazarin harshe ne. Inda muka taɓa sha'anin magani, abin da masu shi suka wallafa muka ɗauko.

1. Lamba da zamanin kumandan

Bahaushe bai jira zuwan Nasara ba kafin ya san a tsaga fata don neman lafiya. Wanzami yana yin ƙaho, yana yin shasshawa, yana cire beli. Saboda haka wuƙa da jini ba baƙi ba ne gare shi. Abin da ya zo sabo a zamanin mulkin mallaka shi ne a tara gari duka a rana guda, a jera mutane, a taɓa jikin kowa, marar lafiya da mai lafiya, ba tare da an tambayi kowa ba.

Wannan tsari na tawaga mai yawo ƙauye ƙauye, likitan soja Eugène Jamot ne ya kafa shi a Kamaru a shekarun 1920 don yaƙi da ciwon barci. Ana laluba wuyan mutum a nemi kaluluwa, a ɗebi jini, wani lokaci a ɗebi ruwan gadon baya, sannan a yi allurar magungunan da aka haɗa da sinadarin arsenik, wato atoksil da tiriparsamid. Magungunan sun ceci mutane da yawa, kuma sun makantar da wasu: a yankin Bafiya ɗaruruwa suka rasa ganinsu saboda an wuce ƙima wajen awo. Jamot ya zo Wagadugu a 1932, kuma a 1939 aka kafa ma'aikata ta musamman a Bobo-Julaso a ƙarƙashin Gaston Muraz, wadda a 1945 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kuturta da sauran manyan cututtuka. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shigo da allurar lomidin, ana yi ma masu lafiya da sunan rigakafi. A watan Nuwamba na 1954, a yankin Yokaduma na Kamaru, allurar ta ruɓar da naman mutane fiye da 300, kuma 32 suka mutu. Masanin tarihi Guillaume Lachenal ya bi diddigin wannan magani a littafinsa na 2014, ya nuna cewa rigakafin da ake taƙama da shi bai ma kare mutane yadda aka zata ba.

Gaskiya ne ciwon barci bai yi ƙarfi a Maradi, Tawa ko Damagaram ba, don ƙudan tsando ba ya son busasshiyar ƙasa. Ƴan'uwanmu na kudu sun fi ganinsa: a lardin Zazzau, daga ƙarshen shekarun 1930, Turawan Ingila sun tashi ƙauyukan yankin Anchau suka sake musu mazauni, suka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Amma tsarin jerin gwano ya iso mana ta wata ƙofa, ita ce lamba. Daga 1941 hukumar Faransa ta wajabta rigakafin shawara a ƙasashen yammacin Afirka da take mulka, da maganin da ake haɗawa a Dakar, ana gama shi da na agana ana tsaga shi a dantse. Kalmar da jama'a suka ba abin tana da ban sha'awa. «Lamba» alama ce, shaida ce, irin wadda ake sa ma buhu ko dabba don a gane mai ita. Sunan bai ambaci kariya ba, tabon ya ambata, kuma tabon shi ne abin da gardi yake dubawa. Mai gari ke tara mutane, kuma shi ne dai ke tara su ranar ƙidaya, ranar lanho da ranar ɗibar ƴan aikin tilas. Wanda ya gudu daji ranar lamba, sau da yawa ba allurar yake gudu ba, rajistar yake gudu.

Kada a ɗauka wannan tsohon zance ne da ya wuce. A 2021 masana tattalin arziki biyu, Sara Lowes da Eduardo Montero, sun gwama taswirar wuraren da tawagogin Faransa suka fi ziyarta a tsakiyar Afirka tsakanin 1921 da 1956 da alƙaluman binciken lafiya na zamanin nan. Sun tarar cewa inda tawagogin suka fi zuwa, nan ne jikokin mutanen suka fi ƙin a ɗebi jininsu, ko da gwajin kyauta ne. Binciken bai shafi Nijar ba, kuma ba za mu ɗora mata sakamakonsa kai tsaye ba. Ya dai nuna cewa ƙi yana iya zama gado.

A duk wannan zamani ba a raba magani da gwaji ba, domin ba a tambayar kowa. Dokokin da suka ce sai da yardar mutum, wato ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, a Turai aka rubuta su, kuma sun daɗe kafin su iso likitar ƙauye.

2. Shekaru biyu na sanƙarau

Sanƙarau tsohon baƙo ne na rani. An rubuta labarin annobarsa a arewacin Najeriya tun 1905, kuma a 1963 likita Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da yake addaba, daga Senegal zuwa Habasha, da ƙasar Hausa a tsakiyarsa. Amma shekaru biyu ne, 1995 da 1996, suka fi sauya yadda mutane ke kallon baƙon da ya zo da allura.

A 1995 annoba ta kama mutane fiye da 40,000 a Nijar. Cikin gudummawar da aka samu har da rigakafi 88,000 daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka auna shi sai aka tarar jabu ne, babu sinadarin rigakafi a cikinsa. An ƙiyasta cewa mutane wajen 60,000 aka riga aka yi ma shi. Wannan ba gwaji ba ne, zamba ce. Amma za mu ga a gaba yadda take shafar kalma guda daga cikin huɗun nan.

A 1996 annobar ta koma Najeriya, ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano don gwada sabon maganinsa, Trovan. An sa yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka yi musu allurar seftiriyakson, wadda aka riga aka sani, amma a ƙasa da awon da aka saba. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, abin da sanƙarau kansa ma yakan bari. Bayan ƴan makonni tawagar ta koma gida. A cikin asibitin nan kuwa, a lokaci guda, likitocin Médecins Sans Frontières suna ba da maganin da aka saba, kyauta.

Abin lura a nan shi ne ba adadin mamatan ne ya zama tushen rigimar ba, don a annobar sanƙarau yaro 11 cikin 200 bai wuce abin da ake gani ba. Tushenta shi ne tambaya ɗaya: iyayen sun san gwaji ne? Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa kuma sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce ba a gaya musu ba, kuma ba a gaya musu cewa akwai wani maganin a ɗaki na gaba ba. Takarda mai sa hannun iyaye ba a nuna ta ba. Jaridar Washington Post ta tono zancen a Disamban 2000, kuma daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kuɗin farko ya kai hannun iyalai huɗu a 2011, shekara 15 bayan abin, kuma sai da aka nemi masu neman diyya su ba da samfurin jikinsu a auna a tabbatar da dangantaka. Wato wanda ya ce an taɓa jikin ɗansa ba da saninsa ba, an ce ya kawo nasa jikin a sake aunawa.

Mu da muka san Hausa muna iya tunanin yadda duka ɓangarorin biyu za su faɗi abin da suke ganin gaskiya ne. A ce uwa ta goyo yaro wuyansa ya sanƙare, ta kwana a hanya, ma'aikaciya ta ce mata «ga wani sabon magani Turawa sun kawo, za a ba ɗanki». Ta ce «to». Ma'aikaciyar ta rubuta an yarda. Uwar kuwa abin da ta faɗa shi ne ta ji.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bisa jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa, kuma masu wannan magana sun riƙa kafa hujja da Trovan. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20. Tsakanin Maradi da Katsina, ko Damagaram da Kano, iyaka ba ta tare magana: wa'azin kaset da hirar tasha sun iso tare da ƙwayar. Elisha Renne ta rubuta yadda abin ya kasance a Zariya (2010), Adeline Masquelier kuma a Dogonduci. Abin da su biyun suka ji a bakin mutane ya yi kama, kuma a ganinmu ya fi jita-jitar nauyi: me ya sa ake bin mu gida gida da maganin cutar da ba mu cika gani ba, kyauta, alhali in zazzaɓi ko ƙyanda ta kama yaro sai mun sayi magani da kuɗinmu? Wannan tambaya ce ta mai hankali. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

3. Madarumfa

Da tarihin ya tsaya nan, da sai mu ce Bahaushe ya rufe ƙofa. Ba haka ya kasance ba. Tsakanin 2014 da 2015, a gundumar Madarumfa, kilomita kaɗan daga iyakar Najeriya, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin wata ƙwayar zawo ta jarirai, rotabirus, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa, mai jure zafi. An ba jarirai sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya ƙunshi jarirai 3,508: zawo mai tsanani ya kama 31 cikin waɗanda aka ba rigakafin, da 87 cikin waɗanda aka ba na kwaikwayo, wato kariya ta kashi 66.7 cikin ɗari. A 2018 hukumar lafiya ta duniya ta amince da maganin. A shekarun nan kuma, a jihar Doso, ɗaruruwan ƙauyuka sun shiga gwajin raba azitiromisin ga yara sau biyu a shekara, wanda ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin ɗari.

Dubban iyaye mata ke nan, a yankin da shekara goma kafin nan ake ɓoye yara in masu ɗigon shan inna sun shigo unguwa. Me ya sauya?

Na farko, sanayya. Mutanen Madarumfa sun san waɗannan likitoci tun yunwar 2005, lokacin da aka yi jinyar dubban yara masu tamowa a jihar Maradi. Ba baƙin mako biyu ba ne. Na biyu, cutar tasu ce: babu uwar da ke bukatar a yi mata bayanin abin da zawo ke yi ma jariri. Na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Yaron da ke cikin gwaji ana leƙo shi gida, ana auna shi, in ya yi ciwo akwai wanda zai duba shi da magani a hannu. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar, amma binciken cibiyar LASDEL ya nuna yadda jinkirin biyan likitoci kuɗinsu ya riƙa barin su ba magani. A irin wannan hali, shiga gwaji hanya ce ta samun abin da ya kamata a samu ko ba gwaji. Uwar da ta lissafa haka ba ta yi kuskure ba. Sai dai mai bincike ya kamata ya tambayi kansa ko nawa ne cikin «na yarda» ɗin da ya tara na binciken ne, nawa ne na karnen jinya.

4. Kalmomin huɗu

Yanzu mu koma ga takardarmu. «Étude» mun fassara ta da «bincike», kamar kowa. Amma a bakin mutumin ƙauye bincike aikin ɗan duwan ne da jandarma: a kwance kaya, a nemi abin da aka ɓoye. «Gwaji» ya fi kusa da ma'ana, sai dai yana da fuska biyu. Gwajin jini a likita don amfanin mai jinin ake yi, a gano ciwonsa. Gwajin magani kuwa don amfanin waɗanda za su zo baya ne. In aka ce ma uwa «za a yi gwaji», ma'ana ta farko take ɗauka, kuma wannan shi ne ainihin ruɗun da masana ɗa'ar likitanci suke magana a kansa tun 1982, na ɗaukar bincike a matsayin jinya. In kuwa aka fayyace mata ma'ana ta biyu, akwai karin maganar da ke jira a bakin ƙofa: zakaran gwajin dafi. Yau ana faɗarsa don yabo, amma kowa ya san abin da ake yi ma zakaran.

«Tirage au sort» ta fi sauƙi fiye da yadda muka zata. In aka ce «sa'a» ko «caca» an ɓata, don caca haramun ce. «Ƙuri'a» kuwa tana da mutunci: ana raba gado da ita in kaso ya yi daidai, kuma malamai sun san hadisin da ya ce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Mutane suna gane cewa ƙuri'a tana hana son kai. Abin da ke da wuyar karɓa shi ne likita, wanda aka zo wurinsa don ya sani, ya ce shi ma bai san wanne aka ba yaron ba.

«Placebo» ba ta da Hausa, kuma duk abin da muka gwada ya fito da lahani. «Maganin banza» zagi ne. «Maganin da ba magani ba» wasa ne da hankali. «Na kwaikwayo», wanda muka yi amfani da shi a sama, yana kusa da «jabu», kuma a ƙasar da aka yi ma mutum 60,000 allurar jabu a 1995, bambancin da ke tsakanin biyun ɗaya ne tak: wannan an faɗa maka tun farko, wancan an ɓoye maka. Saboda haka jimlar da ke bayyana shi ita ce mafi nauyi a takardar duka, kuma ita ce mai karantawa ya fi son ya bi ta kanta da sauri.

Sai «consentement». «Yarda» tana iya zama ta wanda ba shi da zaɓi: an yarda da hukuncin alƙali, an yarda da ƙaddara. «Amincewa» daga tushen amana da aminci take, kuma da mutum ake yin ta kafin a yi ta da magana. Ana amincewa da wane, sannan a karɓi abin da ya kawo. «Izini» na mai iko ne. Takardar Faransanci tana ɗauka mutum ɗaya ne ke yin duka ukun, a zaune ɗaya. A gidan Bahaushe sau da yawa a rabe suke: uwa ke amincewa, maigida ke ba da izini, uwar miji tana iya rushe duka, mai gari da liman kuma sun riga sun buɗe ƙofar garin ko sun rufe ta. Haka nan ƙi ba ya cika fitowa da «a'a», musamman daga mace zuwa ga baƙo mai farar riga. Yana fitowa da «sai na yi shawara», ko «sai maigida ya dawo», ko «to» da ba a sake ganin mai ita ba. Masu bincike suna lissafa irin waɗannan cikin waɗanda suka ɓace, alhali wasunsu amsa suka bayar.

Akwai kuma jini da yatsa. Jinin ƙaho a gabanka wanzami ke zubar da shi ya rufe da ƙasa. Jinin bincike ana sa masa lamba a kwalba, a sa a sanduƙin ƙanƙara, mota ta tafi da shi Yamai ko Turai, ba a dawo an ce ga abin da aka gani ba. Jita-jitar cewa ana sayar da shi daga wannan shirun take tsirowa. Dangwala yatsa kuwa, wanda aka tanada don kare wanda bai iya karatu ba, a saninsa abin bashi ne, da kotu, da sayar da gona. Mun taɓa jin wani dattijo ya ce ya yarda a yi ma jikansa duk abin da za a yi, amma yatsansa ba zai hau takarda ba. A fam ɗin da muka fassara gurbi biyu ne kawai, na wanda ya yarda da na wanda ya ƙi, kuma ba mu san a wanne ma'aikacin ya sa shi ba.